Gobe ma tsufa take yi

 Yau zan roƙe ku ku bar kanti da buro na ɗan lokaci, mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu sauka a jihar Fulorida kusa da birnin Orlando. Can akwai wani gini da aka rushe tun shekarar 2000, amma har yanzu akwai waɗanda ba su tashi daga zaman makokinsa ba. Ba fada ba ce, ba kuwa gidan tarihi ba, gidan wasa ne. Sunansa Horizons, wato can nesa inda ido ke ganin sama ta taɓa ƙasa. Aikinsa guda ne: ya ɗauki mutum na kusan minti 15 ya nuna masa yadda duniya za ta kasance gobe. Waɗanda suka shige shi suna yara yanzu sun fara furfura, wasunsu har sun sake gina shi cikin kwamfuta ɗaki bayan ɗaki, kuma kullum roƙonsu ɗaya ne: a mai do mana da shi, a gyara shi ya dace da mutanen yau.

Wani zai ce, ina ruwanmu da wasan ƴaƴan Amurkawa? Da sauƙi. Duk ɗan kasuwa ya san akwai hajar da ke jimre ajiya, kamar gishiri da kanwa, akwai kuma wadda ba ta kwana, kamar tumatir da burodi. To, cikin hajojin duniya babu mai saurin lalacewa kamar hoton gobe, kuma babu wadda ake sayarwa da tsada kamarta. Wanda ya zana wa yaro gobe ya riga ya fara zaɓa masa ita. Saboda haka tambayar yadda za a sake gina wannan gida ta wuce zancen wasa.

Wane irin wasa ne?

Bari mu fara da bayanin abin kansa, tun da yawancinmu ba mu taɓa shiga irinsa ba. A sinima mutum ne ke zaune wuri guda, hoto na wucewa a gabansa. A wannan wasa kuwa, wanda za mu iya kira yawon duhu, an juya al'amarin: hoto ne ke tsaye, mutum ke wucewa. Babban gini ne marar taga. Ana zaunar da baƙi cikin ƴan ƙananan taragai da ke jere kamar ayarin raƙuma, suna tafiya a hankali ba tsayawa. Ko'ina duhu ne, sai inda magina suka ga dama su haska. Tarago na ratsa ɗaki bayan ɗaki, kowanne an shirya shi da kaya na gaske da mutum-mutumi masu motsa kai da hannu, ga kiɗa, ga muryar mai ba da labari kusa da kunne. Mai kallo ba ya ganin kome sai abin da aka nufa ya gani. Nan ne ƙarfin abin yake, nan ne kuma haɗarinsa.

Horizons yana cikin dandalin shaƙatawa na EPCOT, mallakar kamfanin Disney. Shi mai kamfanin, Walt Disney, ba dandali ya yi niyya ba. Gari na gaske ya so ginawa, mai mutum kimanin 20,000, inda za a riƙa gwada sababbin dabarun zama da sufuri. Ya rasu cikin watan Disamba na 1966 kafin a fara. Magadansa suka ga riƙon gari da jama'arsa ba aikin kamfani ba ne, sai suka buɗe dandali ranar 1 ga Oktoba 1982, kusan kowane gida a cikinsa da babban kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Shekara guda cif bayan haka, ranar 1 ga Oktoba 1983, aka buɗe Horizons da tallafin General Electric, kamfanin kayan lantarki.

Mutum huɗu ke shiga kowane tarago, duka suna fuskantar gefe guda. Tafiyar ta kasu kashi uku. Da farko ana nuna yadda mutanen da suka yi tsammanin gobe. Ga harsashin igwa na marubuci Jules Verne da zai kai mutum duniyar wata, ga fuskar wata irin ta fim ɗin Georges Méliès na 1902, ga birnin Paris yadda mai zane Albert Robida ya hango shi, samansa cike da jirage, ga kuma baran gida na ƙarfe yana hidima. Ana kallo ana dariya. Daga nan tarago ya bi ta gaban manyan allunan majigi biyu masu tsayin bene, inda ake nuna ilimin zamanin: tashin kumbo, cikin kwamfuta, da ƙwayar halitta. Sannan a shiga kashi na uku, gundarin tafiyar, wato ziyarar wani iyali na ƙarni na 21.

Dattijo da dattijuwarsa suna zaune a wani bene cikin birni, ita tana hira da ƴarsu wadda hotonta ya bayyana a gabanta. Ƴar manomiya ce a wani wuri da aka kira Mesa Verde, hamadar da aka mayar gonar lemu. Tana zaune gaban madannai, injuna na girbi su kaɗai, kuma a nan har ƙanshin lemu ake fesa wa baƙi. Jikanya na zance ta allo da saurayinta, mai gyaran jirgin ƙarƙashin ruwa a wani garin teku inda ake koya wa yara nutso, ana noman ciyawar teku. Wani reshen iyalin kuma yana cikin wani gari mai shawagi a sararin samaniya. Daga ƙarshe duka suka haɗu ta hoto don bikin cikar shekarar wani jika. Kafin a sauka, sai madannai uku su haska a gaban kowane baƙo: ta ina za a koma gida, ta hamada, ta teku, ko ta sama? Abin da mafi yawan mutanen tarago suka danna shi ake nuna musu, na kimanin rabin minti.

Abin da ya kashe shi

Yarjejeniyar General Electric ta shekara 10 ce. Da ta ƙare a 1993, kamfanin bai sabunta ta ba, wani kuma bai karɓa ba. Gida ya zama maraya. Aka rufe shi cikin Disamba na 1994, aka sake buɗewa cikin Disamba na 1995 don cike giɓi yayin da ake aikin maƙwabtansa, sannan aka rufe shi rufewar ƙarshe ranar 9 ga Janairu 1999. A gurbinsa aka buɗe Mission: SPACE a 2003, wani inji mai juya mutum da ƙarfi don ya ɗanɗana abin da ɗan sama-jannati ke ji lokacin tashi. Gidan da ya yi alkawarin nuna ƙarni mai zuwa bai kai ga ganin ƙarnin ba.

Abu biyu za mu tsinta a nan. Na farko, goben da ake nunawa a irin waɗannan gidaje ta mai biyan kuɗi ce, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba Disney ya fara ba. A babban bajen kolin duniya na New York a 1939, kamfanin motoci General Motors ya gina wani yawo mai suna Futurama. Aka zaunar da miliyoyin mutane kan kujeru masu tafiya, suna kallon Amurkar 1960 daga sama, ko'ina manyan hanyoyi masu faɗi cike da motoci. Gani ya kori ji. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina irin waɗannan hanyoyi a duk faɗin ƙasar. An gina su, sun kawo arziki, amma a birane da dama ta kan unguwannin talakawa da na baƙar fata suka bi, abin da ba a nuna a Futurama ba. A EPCOT ma, gidan da ke koyar da makamashi kamfanin man fetur Exxon ne ya riƙe shi shekara da shekaru. Ba a ce ƙarya suka yi ba. Amma dillali ba ya nuna maka gefen buhun da ya jiƙe.

Na biyu, gobe tana zuwa, kuma ba ta neman izini. Lokacin da aka buɗe Disneyland a Kalifoniya a 1955, akwai wani wasa da ke kai baƙi duniyar wata cikin roka ta ƙarya. A 1967 aka kashe kuɗi aka sabunta shi. Shekara biyu bayan haka, cikin Yuli na 1969, duniya ta kalli mutane na gaske suna taka wata a talabijin. Nan take wasan ya zama tsohon labari, har a 1975 aka sauya masa zango zuwa duniyar Mars. Mai sayar da hoton gobe kullum cikin tsere yake da abin da ya fi shi gudu.

Mu buɗe littafin lissafi

Yanzu muna cikin ƙarnin da Horizons ya hango, sai mu yi masa lissafi irin na ƙarshen shekara: me ya shigo, me ya ɓata?

Abin da ya shigo shi ne hira ta hoto. Yau ɗan kasuwa na zaune cikin rumfarsa yana kallon haja a Dubai ko Guangzhou ta WhatsApp, tsohuwa na ganin jikan da aka haifa a wata ƙasa tun ranar suna. Har ma abin ya wuce tsammanin maginan. Su sun zana shi a matsayin babban kayan ɗaki na masu hali, sai ga shi ya zo ɗan ƙarami cikin aljihun mai tura baro. Intanet kuwa, wadda ta fi kome sauya rayuwa cikin shekarun nan, ba ta da ɗaki ko ɗaya a cikin gidan.

Abin da ya ɓata ya fi yawa. Garin teku bai samu ba. Mafarkin yana da tushe, don a 1963 mutanen Jacques Cousteau sun yi wata guda cikin wani gida da aka kafa ƙarƙashin Bahar Maliya kusa da gaɓar Sudan, amma an gane cewa aika na'ura ya fi aika iyali araha da aminci. Garin sama ma haka. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ba ta rabu da mutane ba tun Nuwamba na 2000, sai dai yawanci mutum bakwai ne a ciki, ba yara, ba bikin suna.

Saura hamada, kuma a nan ne lissafin ya fi ban tsoro, don an gwada mafarkin da gaske. A shekarun 1980 Saudiyya ta zuba kuɗin mai ta haƙa rijiyoyi masu zurfi, ta kafa bututun ban-ruwa masu kewayawa, har wanda ke cikin jirgin sama yana hango koren da'irori tsakiyar rairayi. Zuwa farkon shekarun 1990 ƙasar tana cikin manyan masu sayar da alkama a kasuwar duniya. Amma ruwan da ake jawowa ya taru ne tun dubban shekaru, kuma damina ba ta mayar da shi. A 2008 hukuma ta yanke shawarar janye hannu daga noman, ta koma sayo mafi yawan alkamarta daga waje. A Mesa Verde an fesa wa baƙo ƙanshin lemu, ba a sa shi ya tambayi rijiyar da ta shayar da lemun ba.

Hanyoyi uku da aka gwada

Su mutanen Disney sun san wannan ciwo, kuma sun gwada masa magani iri uku.

Na farko shi ne a riƙa sauya kaya duk lokacin da suka tsufa. Gidan motoci na EPCOT, Test Track, wanda General Motors ɗin nan dai ke riƙe da shi, an buɗe shi a 1999, aka sake shi a 2012, aka kuma sakewa a 2025. Wannan magani na aiki muddin akwai mai biya, ranar da ya janye kuwa an koma gidan jiya.

Na biyu shi ne a guje wa gobe ta gaske a fake bayan goben mutanen da. Haka aka yi a dandalin Disney na kusa da Paris da aka buɗe a 1992. Maimakon a yi hasashe, sai aka gina unguwa guda bisa mafarkan Jules Verne da ire-irensa, da tagulla da ƙusoshi da hayaƙi, har a 1995 aka ƙara wata ƙatuwar igwa mai harba baƙi zuwa wata kamar yadda littafinsa na 1865 ya kwatanta. Dabara ce mai kyau, don abin da ya riga ya tsufa ba ya ƙara tsufa. Aibinta shi ne ba ta gaya wa yaro kome game da ranar da shi zai rayu a cikinta.

Na uku, wanda ya fi rinjaye a shekarun baya-bayan nan, shi ne a miƙa gidan ga jaruman fim. Igwar Verne tana nan, amma tun 2017 labarin da ke cikin gidanta na Star Wars ne. Gidan makamashi na EPCOT an rufe shi a 2017, a 2022 aka buɗe jirgin lilo mai gudu da juyi na fim ɗin Guardians of the Galaxy a wurinsa. Layi ya yi tsawo, kuɗi sun shigo, ba mai musun wannan. Sai dai an warkar da ciwon ne ta hanyar yanke gaɓar. Ba a ƙara tambayar yadda za mu rayu, an koma kallon yadda wasu halittun ƙarya ke faɗa.

Da ni aka ba aikin

To, da a ce yau an kira mu aka ce ga fili, ga kuɗi, a sake gina Horizons, me za mu riƙe, me za mu zubar?

Zan riƙe tafiyar hankali, zan kuma riƙe iyalin. Injin da ya gaje shi ya wahalar da baƙi har a 2006 aka ƙara masa wani sashe marar juyi don waɗanda ba sa iyawa. Tsohon gidan kuwa kaka da jika kan zauna kujera ɗaya su fito suna gardama. Idan aka duba, duk na'urorin da aka nuna a 1983 sun tsufa, amma uwa mai kewar ƴarta da ke nesa ba ta tsufa ba, ba kuma za ta tsufa ba. Masu labarin sun kama wannan daidai, kuma shi ne ya sa ake kukan gidan har yau.

Sannan zan kwashi garin teku da garin sama da gonar madannai in kai su ɗakin farko, kusa da igwar Verne, a kalle su a yi murmushi kamar yadda su ma suka yi wa na gabansu. A ƙarshen wannan ɗaki zan bar wani gurbi fayau, in sa mai ba da labari ya gaya wa yara cewa nan aka tanadar wa mafarkanmu na yau. Ta haka tsufa zai daina zama asara ya zama kayan aiki: duk abin da ya kwana a ɗakin ƙarshe sai a gusar da shi zuwa na farko. Gidan da ya yarda zai yi kuskure ya fi jimre shekaru.

Ɗakin hamada kuwa zan raba shi biyu. Gefe guda koren da'irorin Saudiyya, tare da ma'aunin da ke nuna ruwan rijiya na sauka. Ɗaya gefen kuma ba sai na je nesa neman sa ba, don wani abin mamaki ya faru. A shekarar nan ta 1983 da aka buɗe Horizons, wani malamin gona ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara rassa ne na kututtukan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi masu ƙarfi aka rage sauran aka kare su, itace zai tashi ba tare da an dasa ko an shayar ba. Manoma da dama sun san dabarar tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne manomi ya sakankance cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne. Da aka samu wannan, sassabin zamani ya bazu daga gona zuwa gona. Masu binciken da suka duba hotunan tauraron ɗan Adam a shekarun 2000 sun ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 da itace kimanin miliyan 200, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram, gawo na kan gaba. Ba na cewa an gama da yunwa ko da kwararowar hamada. Abin da nake cewa shi ne, a daidai lokacin da injiniyoyin Fulorida ke zana koriyar hamada da injuna masu girbi su kaɗai, ana yin wani abu mai kama da ita a zahiri da adda da haƙuri. Ba don namu ba ne na ce a sa shi a gidan. Don gaskiya ne, kuma yaron Amurka yana da haƙƙin sanin cewa gobe ba daga masana'anta kaɗai take fitowa ba.

Zan kuma liƙa wa kowane kaya farashinsa. Wanda ya duba hotunan tsohon gidan zai lura da wani rashi: ba inda ake ciniki, ba mai karɓar haraji, ba mai neman aiki. Injuna na girbi, amma ba a ce ina masu girbin da suka tafi ba. Mutanen yau ba za su haɗiye wannan ba, don ma'aikaci na ganin kwamfuta ta fara rubuta wasiƙa da rahoto, yana tambayar kansa makomar teburinsa. Idan an nuna mota mai aiki da batir, a nuna ramin da aka haƙo ma'adinin batirin, tun da mafi yawan kobalt na duniya daga Kwango yake fitowa. Idan an nuna abin tsoro, a nuna na farin ciki tare da shi: faifan hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 na farashinsa tsakanin 2010 da 2020, shi ya sa yau ake ganinsa bisa rufin ɗakin ƙauye. Sunan kamfanin da ya biya kuɗin gidan kuma a rubuta shi babba a bakin ƙofa, tare da abin da yake sayarwa.

Abu na ƙarshe shi ne madannan nan uku. Su ne mafi kyawun dabarar tsohon gidan, su ne kuma mafi rauni, don ko wanne ka danna lafiya za ka sauka, a ƙofa guda da kowa. Zaɓin da ba ya ɗauke da asara ba zaɓi ba ne. Zan kawo su tsakiyar tafiya in ɗora musu nauyi. A ce wa baƙi, ga gari, ga ruwan da bai isa ba, wa za a fara ba, gona, masana'anta ko gidaje? Abin da suka danna shi zai kai su ɗakin da za su ga sakamakonsa, da daɗinsa da ɗacinsa. Kayan aikin yin haka sun samu. Yanzu akwai taragai marasa dogo da kwamfuta ke tuƙawa, kowanne na iya bin hanyarsa, irin waɗanda aka sa a yawon Ratatouille na Paris tun 2014. Iyalin da ya fito zai so ya sake shiga don ya ga abin da ya bari, wannan kuma ko mai lissafin kamfani ba zai ƙi shi ba.

Masu ja da magana

Na san za a ce mini mutum ya biya kuɗi masu yawa ne don ya huta, ba don a mayar da shi lakwal ba. Maganar tana da ƙarfi, kuma dogayen layukan gidajen jaruman fim suna bayanta. Amma a cikin EPCOT ɗin akwai wani yawo na kwale-kwale, tun 1982, da ke ratsa lambunan gwaji na gaske, inda ake noman kayan miya da kiwon kifi, har ana dafa wasu a gidajen abincin dandalin. Ba ya gudu, ba ya juyi, ba jarumi a cikinsa, ya kuma ga bayan maƙwabtansa da dama masu ƙyalƙyali. Tsiro mai rai bai taɓa zama tsohon yayi ba.

Za a kuma ce kada a tsorata yara da zancen ƙarancin ruwa da rashin aiki. Gaskiya ne, yaron da aka cire wa fata an cuce shi. Sai dai yaran yau sun riga sun ji waɗannan labarai a wayoyin hannunsu. In aka nuna musu duniyar da ba ta da matsala, za su gane talla ce su juya baya. In aka nuna musu matsala tare da mutanen da suka shawo kanta, sun samu fatan da za su iya riƙewa.

Su kuma masu roƙon a mai do da gidan yadda yake, ƙusa da ƙusa, ina tausaya musu, amma an ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Abin da suke kewa ba taragai ba ne, zamanin da suka yarda cewa gobe za ta fi yau ne. Wannan ba magini da zai iya mai do da shi da siminti.

Jama'a, ko an sake gina Horizons ko ba a gina ba, ba za a daina nuna mana gobe ba. Tana zuwa cikin allon talla, cikin kundin tsare-tsare mai launi, cikin ɗan ƙaramin samfurin birni da ake ɗorawa bisa teburi ranar aza harsashi. Duk ranar da aka kashe fitila aka haska mana irin wannan hoto, mu kalla, mu ji daɗi, sannan mu tambayi wanda ya biya mai zanen, da inda ruwan zai fito, da kuma ko madannin da ke gabanmu na aiki. Ba a fafa gora ranar tafiya.